Saba Za Ta Fita Intanet

Jama'a, yau saura ƙiris in fasa wa Nasiru kai da muciya!

Kun san shi, ƙanin maigidana mai aikin kwamfuta. Ina tuƙa tuwo sai na ji shi yana waya ta bayan taga. Wai, "Ai Saba ta tsufa, ga nauyi, ga saurin ɗaukar zafi. Amma yau zan fitar da ita intanet kowa ya gani."

Innalillahi! Gidan nan kaf ni kaɗai ce Saba'atu!

Na fito a fusace. Na ce, "Nasiru, ni ce tsohuwar? Ni za ka tallata wa duniya?"

Ya dube ni, ya dubi muciya, sai dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba matar Yaya! Saba sunan na'ura ne!" Ashe kwamfutar ƙungiyar masuntan Tiga ce da ke ɗakinsa, so suke a riƙa duba bayanan cikinta daga waya.

Na ce, "Ita ma ɗin haka za ka bar ta tsirara?"

Ya ce a'a, zai sa mata furokzi a gaba. Kamar zaure ne: baƙo ya tsaya can, a miƙo masa abin da ya nema, ba ya leƙa cikin gida.

To ga matsalar. Kafin in fito na riga na kira babban wana, Yaya Sale, ina kuka. Ya taso daga Kafin Maiyaƙi a babur, shi da Kawu. Yanzu wayarsa ba ta shiga.

Don Allah duk wanda ya gan su a hanya ya tare su!