Inna Hajo ta Tozai da Raɗin Suna na Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi, sha ɗaya ga watan Safar, cikin wagga shekara ta fari, 1984, Mai rai Ya karɓi abinSa. Inna Hajo, ungozomar Tozai, ta cika a ɗakinta bayan jinyar kwana shida.

Inna, ni ne Malami mijin Saude, wanda kike cewa ya fi kowa jan zance. Yau ma sai ki yi haƙuri da ni.

Ba ki da rumbu, ba ki da sarauta, amma kin san ƙofar da ake bugawa. In anka kawo jar dawa ta agaji a garin Isa, kin ji labari tun mota ba ta tsaya ba, ki tura zawarawa da masu ciki gaban layi. Naƙuda in ta fi ƙarfinki ba ki jin kunya: sai asibiti, kuma mijin da ya tsaya shawara ya sha baki.

Kowa da nashi labari. Nawa na rubuta shi da izinin mai shi, wanda ya ce Tozai duk ta riga ta sani.

Ke kinka karɓi haihuwar Saude ta uku, wata Litinin. Kinka duba, kinka sake dubawa, kinka ce mace ce. Munka sa mata Tani. Bayan shekara sha biyar, cikin farin 1973, murya ta buɗe, gemu ya fara tsirowa. Mata sunka kore ta daga rijiya, maza sunka hana ta dandali. Ta shige ɗaki ta bar cin abinci, a shekarar da ko mai ci ƙashi ne. Ni kuwa, uba guda, ina ta turare ina cewa iska ce.

Kinka zo kinka zauna bakin ƙofa. Ba ki tambaye ni ba, ba ki tambayi Saude ba. Kinka ce, "Mai ɗaki, a gaya mani gaskiya: mace ake ji a rai, ko namiji?"

Daga ciki anka ce, "Inna, ni namiji ne. Na daɗe da sani."

Sai kinka juyo gare ni. "Malami, bakina ya ɗaure maganar ga, bakina za shi kwance ta. Za ni Sakkwato da shi."

Wata biyu kina shimfiɗa tabarma a barandar babban asibiti, har likitoci sunka duba, sunka tabbatar da abin da ya faɗa, sunka yi mashi aiki.

Da kunka dawo, liman ya ce bai taɓa raɗa wa mai gemu suna ba. Kinka ce, "Allah gafarta Malam, mu ma ba mu taɓa ganin damina biyu ba ruwa ba, ga shi mun gani." Ya ce to ina rago? Babu rago ko ɗaya a garin, fari ya share su. Kinka jawo akuyarki ta ƙarshe, wadda ƙashin haƙarƙarinta ke ƙirguwa daga nesa. Kinka tsaya gaban jama'a kinka ce ke kinka yi kuskure, ba yaron ba. Anka raɗa mashi Usmanu. Nama bai kai ko'ina ba, amma duk wanda ya ci tsoka guda ya zama shaida, kuma kin tabbatar masu baki su sunka fara samu.

Ranar Talata, Inna, mata sunka tsaya cikin gida kamar yadda aka saba. Usmanu na sahun farko wurin sallarki. Shi ya riƙe gaban makara, ya ƙi bari a canje shi har maƙabarta. Ke kinka karɓe shi ranar da ya zo duniya, shi ya sauka kabari ya karɓe ki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya shayar da ke daga tafkin da ba ya ƙafewa. Ga ɗiyanki Labbo da Kadijatu, da jikoki, da matan Tozai har zuwa Turba, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu ruwa, Ya kyautata namu zuwan. Amin.