Igiyata a Hannun Nura

Salamu alaikum. Masu tambaya ko na sayar da waya ne, ban sayar ba. Yatsuna ne suka daina jin ta.

Wanda ya san ni a kara, kasuwar shanun Wudil, ya san aikina. Duk Juma'a ni ke riƙe wa Alhaji dillali shanu, in sa ya ƙwace ni ke bin sa.

Da damina abin ya fara. Ƙafar hagu kamar na daɗe zaune a kanta, idon dama ya yi hazo. Wata Juma'a igiya ta zame min ban ji ba, sai ganin sa na yi yana watsa mutane. Alhaji bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Je ka huta, Nura ya riƙe."

Nura ƙanena ne. Ni na koya masa ɗauri.

Inna ta ce jini ne ya kwanta min a wuya. Wanzami ya kafa ƙaho, baƙin jini ya fito, kowa ya yi hamdala. Ƙafa tana nan yadda take.

A Kano aka tura ni cikin wani bututu mai ƙara kamar injin niƙa, aka ɗebi ruwan bayana. Tumakin Inna a nan suka ƙare. Likita ta ce sunan ciwon MS. "Ka san wayar wuta in ɓera ya ci rigarta? Haka lakarka take. Ba a cire shi, lallaɓa shi ake."

Na tsorata, ba na ɓoyewa.

Nura kuwa sai ya zo dubiya da warin shanu a rigarsa, yana ta labarin kara. In juya bango in yi kamar barci.

Shi ya kunna min wata murya da ake yawo da ita a waya, wai ciwon daga tsukewar jijiyar jini ta wuya yake, ana buɗe ta a warke. Maganar Inna ke nan! Na dami likita har aka yi min hoton wuya, Nura ne ya raka ni.

Aka shafa min abu mai sanyi, kwanta, zauna, riƙe numfashi. Ko ni na gani a allon: jijiyar dama kamar igiyar sa, ta hagu kamar ta akuya. Daɗi ya kama ni. An ga ɓarawon.

Likita ta ce, "Malam Nura, zo ka kwanta."

Tasa ta fi tawa siranta.

Ta ce, "Masu lafiya da yawa haka Allah ya yi su. An gwada buɗewar, ba ta maganin wannan ciwon."

Nura har da dariya: "Yaya, ashe ni ya kamata a kwantar!"

Ban yi dariya ba. Ciki ɗaya, wuya iri ɗaya, shi yana bin sa da gudu, ni maɓallin riga yana gagarata.

Aka yi min ƙarin ruwa da magani, ga motsa jiki kullum. Ido ya washe, na ajiye sandar da nake dogarawa. Zafin rana ne dai ba ma shiri.

Na koma kara da niyyar karɓar igiyata. Na damƙa, hannu ya ƙi. Alhaji ya nuna min inuwar rumfa kusa da shi, ya ce, "Idonka nake so, duba min haƙoran wancan." Can nake yanzu.

Na gode wa Allah, da Inna, da likitar nan mai haƙuri, da ku masu addu'a. Wanda jikinsa ke mutuwa ko ido ya yi hazo ya tafi asibiti kafin wanzami. Muryar waya kuma, a kunna wa likita kafin a yarda da ita.

Nura ma na gode masa, shi ya yi ta goya ni zuwa bayi. Amma har gobe in sa ya ƙwace na hango shi a guje, sai wani abu ya tokare min wuya. Wannan kam ba ya fitowa a hoto. Ku sa ni a addu'a.