Layuka ukun da Mushe Sa'adu ya bar mini

Da safen nan ina ɗaure jaka a bayan moto aka kira ni daga Madawa, wai Mushe Sa'adu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, Mushe muke ce wa malami, kuma shi ne ya koya mini tada tsofaffin ordinatar, wato kwamfutocin da ake ba makarantunmu. Irin waɗanda wasu suka gama yayinsu, sannan aka tuna da mu.

Don su iya aiki, da hannu muke harhaɗa musu nuwayo, wato zuciyar Linux. Shi yana da fishiyensa, wato fayil ɗinsa na zaɓuɓɓuka, ni ina da nawa, sai a haɗe su. In biyun suka saɓa a kan abu guda, na'ura ta ɗauki na ƙarshe, ta rubuto gargaɗi.

Ni kuwa ba na karanta gargaɗi. Ba ni da wannan haƙurin.

Wata rana a lakwal, wato makarantar Bangi, na sa nawa a ƙarshe. Nasa ya ce a gina abin da ke karanta diski a cikin nuwayo, nawa ya ce a bar shi waje. Ranar jarrabawar yara, ko na'ura ɗaya ba ta tashi ba. Na so ƙasa ta tsage.

Mushe Sa'adu ya zo a moto. Ya kwafe fishiye biyun a takarda, muka bi layi layi har muka gyara kuskuren. Sai da yara suka zauna ya ce, "Ita na'ura wanda ya zo daga baya taka ba gaskiya. Kai mutum na, ka ji ta bakin kowa."

Ya ma saya mini fura a hanya.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Tamaske ne, ya rame sosai. Ya miƙo mini kile, wato 'yar filashin ajiye bayanai, ya ce aikin lakwal ɗin Allakaye ne, layuka uku sun rage inda nawa da nasa ba su jitu ba. Na ce a bari ya warke mu zauna tare. Ya yi dariya. "Ƙanena, yara ba su jiran ciwona. Zaɓa da kanka."

Na ƙi taɓawa. Tsoro nake ji, gaskiya.

Litinin za a buɗe ɗakin na'urorin na Allakaye, yara sun daɗe suna leƙe ta taga. Ɗazu bayan jana'iza na zauna na karanta kowane gargaɗi. A layi biyu shi ke da gaskiya, na bar nasa. Na ukun, ina ga karon farko ni na fi shi, kuma babu wanda zan je in yi wa gori.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane yaro da ya koyi wani abu a kan na'urorin nan ya zama lada gare ka. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, da iyalinsa.