Telan Matan Italiya

A shekarar 1998 wani kantin littattafai a unguwar Anbariyya ta Madina ya fara kawo littattafan zanen Italiya na ƙarni na goma sha shida. Sharaɗin mai kantin ɗaya ne: duk shafin da ya nuna tsiraici, a shafe shi da baƙar tawada, ko a yage shi.

Wanda aka ɗora wa aikin wani dattijo ne siriri mai Hausar Chadi, tabaransa ɗaure da zare. Ga shi ya sunkuya a kan hoton wata mata mai dogon wuya. Ba shafewa yake yi ba. Abaya yake zana mata a hankali, yana kauce wa yatsunta. Ina zaton tela ne a dā.

"Ya Tahir, yalla, yage shi kawai!" in ji mai kantin.

"Haƙuri, maigida. Shekara ɗari huɗu tana jiran sutura, minti biyar ba zai kashe ta ba."

Shafin ya tsira. Yau wayoyin hannu ake sayarwa a kantin, kuma ban san wanda ya ƙura wa hotunan nan ido a Madina kamar mutumin da aka ɗauka don ya ɓoye su ba.