Tsoho Mai Taunar Igiya

Daga rumfar kifinta a bakin tekun Ilulissat, garin sanyi da ƙanƙara, Naja tana kallon wani baƙon tsoho. Ƙanƙara ta lulluɓe kwale-kwalensa na fata. Yana kankare ta da guntun ƙashi, feshin ruwa yana mayar da ita. Igiyar fata ta mashin farautarsa ta sandare kamar itace, sai ya cusa ta a baki yana tauna don ta yi laushi, aikin da a can mace ke yi wa mijinta.

"Baba, ina uwargidan, ka karɓe mata aiki?" in ji wani masunci, yana dariya.

Tsohon ya ci gaba da tauna. Da ya zaro igiyar, jini ne a jikinta: ba shi da haƙori ko ɗaya, dasashi ne kawai. Ko kaɗan ba ta yi laushi ba. Haka ya naɗe ta, ya tura kwale-kwalen cikin ruwa.