Tabarmar Tela a Kan Katanga

Shekarar da na fara tuƙin taksi a Yamai, mu huɗu ne a ɗaki guda a wani gidan haya a Zongo: ni, da 'yan tireda biyu, da wani tela mutumin Tasawa wanda ya girme mu duka. Zai kai arba'in da biyar. Mutum ne mai tsabta, rigarsa kullum a goge, kuma idan liman bai fito ba shi yake jan mu salla a ƙofar gida.

Ba ya kwana a katifa. Tabarmar roba yake shimfiɗawa can bakin ƙofa, ya ce zafi ne ke damunsa. Kafin kowa ya tashi ya riga ya wanke ta ya shanya a bayan banɗaki.

Wata safiya na riga shi tashi saboda zan kai wani fasinja tasha. Na taka danshi da ƙafata, zarni ya bugi hancina. Ya buɗe ido ya gan ni tsaye a kansa.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "tun da babur ya buge ni a baya nake haka. Na sha magani har na gaji. Ka rufa mini asiri."

Na ce, "Ba komai, yaya." Kuma na rufa, har wata biyar.

Abin da ya sa na tona ba wani abin kirki ba ne. Muna fada, wato majalisar hirarmu, muna shan shayi bayan la'asar, ina ba da labarin yadda na yi wa wata Baturiya Faransanci, sai ya gyara mini kalma ɗaya. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ba da mugunta ba. Ni kuwa na ji kamar an mare ni.

Na ce, "Mai fitsarin kwance ma ya iya Faransanci."

Telan ya ajiye kofin shayinsa, ya sa takalmi, ya koma shago.

Washegari ɗaya daga cikin 'yan tiredan ya ɗauko tabarmar tana ɗiga ya rataya ta a katangar da ke kallon titi. Matan da ke zuwa ɗiban ruwa suka riƙa toshe hanci suna ƙyaƙyata dariya. Kafin mako ya ƙare an sa masa suna Robine, wato famfo. Wani ya sayo kush, wato kunzugun jarirai, ya ɗora masa a kan keken ɗinki. Ni na ba da shawarar, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Ranar da ya matsa gaba zai ja salla, mai gidan ya riƙe masa hannun riga. "Malam, koma baya. Ba mu san halin tufafinka ba." Ya koma sahun ƙarshe. Mutumin da ke gefensa ya ja jiki ya bar fili tsakaninsu. Matar da yake nema, wata bazawara mai sayar da dambu, ta aiko a ce masa ta gama wankin yara, ba za ta fara na babba ba.

Bai yi faɗa da kowa ba. Wata Asabar ya ɗora kekensa a amalanke ya haye gada zuwa Kirkissoye. Muka samu sarari a ɗaki, muka ji daɗi.

Bayan shekara shida na tsaya wa wani dattijo a Lamordé, sai da ya buɗe ƙofa na gane shi. Ya rame, yana dogara sanda. Na gaishe shi. Ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowane direba. Sannan ya zaro leda baƙa daga aljihu, ya warware ta, ya shimfiɗa a kujera, ya zauna a kai.

Na ce, "Yaya, ba sai ka yi haka ba."

Ya ce, "Motarka ce. Kada a ji a fada."

Na kai shi asibiti, inda ya ce zai je. Da ya sauka ya naɗe ledarsa ya tafi da ita.