Yadda Na Tare A Gidan Da Babu Silin

Shekarun baya, wajen biyar ke nan, na shiga wani tashin hankali. Yanzu ne nake iya ba da labarin.

An ɗaura min aure ina da shekara ashirin da uku, amma ban tare ba. Kakana ne ba shi da lafiya, ya ce yana so a ɗaura da ransa, sai aka yi komai cikin sati biyu. Gidan da mijina yake ginawa a unguwar Iku kuwa kwano kawai aka rufa, babu silin, babu tagogi, don haka aka ce in zauna a gidanmu sai bayan damina. Tun ranar ɗaurin auren matan layinmu suka fara: "Wannan gaggawa haka, lafiya dai ko?" Wata ma in muna gaisawa cikina take kallo. Mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta ce, "Kin ji abin da ake faɗa. Mijinki ne, ban hana ku gaisawa ba. Amma kar ki bari a zauna ana ƙirga min watanni a unguwar nan."

Na ce, "Haba Umma, ni yarinya ce?"

Wata Asabar da rana mijina ya ɗauke ni in ga inda aikin ya tsaya. Magina ba su zo ba. Ba zan yi dogon bayani ba, ku manya ne. Ba mu sadu ba, wallahi. Amma wasan ya yi nisa, jiki ya taɓa jiki, shi kuma ya janye tun kafin ya kawo. Na dawo gida ina ganin ni mai wayo ce.

Sai al'adata ta ƙi zuwa. Ni da ba ta taɓa saɓa min rana ba. Kwana uku ina shiga banɗaki kamar mai gudawa, ina dubawa, babu komai. In Umma ta ɗaga ido sai in ji kamar ta gani.

Rana ta huɗu na hau mota har Gauraka, inda ba wanda ya san ni, na shiga kemis ɗin wata dattijuwar nas. Na ce, "Anti, wata ƙawata ce ta aiko ni da tambaya."

Ta dube ni ta saman gilashinta. "To ƙawar taki ta zauna tukuna, na ga ƙafarta na rawa."

Na zauna na faɗa mata komai. Na ce ai ba a shiga ba, kuma maniyyi bai fita ba.

Ta ce, "Ruwan nan da yake fara zuwa, maziyyi, wani lokaci yakan ɗauko ƙwayoyin haihuwa. Ba kasafai ciki ke shiga ta haka ba. Amma in ya taɓa bakin wurin, ni ba zan rantse miki ba."

A Islamiyya an koya mana maziyyi yana karya alwala, a wanke a sake. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ta gwada fitsarina, layi ɗaya ya fito. Ta ce da alama babu, amma ya yi wuri, in dawo bayan sati da fitsarin safe. Sati! Ni da ko layin famfo ba na iya jira.

A bakin titi na kira mijina yana wurin aiki a Abuja. Na ce, "Juma'ar nan zan tare."

"A ina? Amarya, gidan ko taga babu."

"Ka buga buhu a wurin tagogin."

"Amma ai ba mu yi komai ba."

"Cikinka za a kalla ko nawa? Yau ka je ka samu Baba ka ce matarka kake so."

Lissafina shi ne, in ma cikin ne, gara ya bayyana ina ɗakina. Ya je kuwa, yana ta in-ina. Umma ta daɗe tana kallona, na sunkuyar da kai ina jiran tambayar da za ta kashe ni. Sai kawai ta ce, "Je ki haɗa kayanki."

Na tare babu taro, mota ɗaya. Matan layi suka koma cewa na cika zumuɗi. Na ce na gode, gara wannan sunan.

Kwana uku da tarewa, ina sharar siminti, na ji marata ta murɗa. Na duba, ga al'adar ta zo. Na zauna a kan bulo na yi ta kuka, mijina yana tsaye da guduma bai san ko barka zai yi min ba.

Haka na ci damina guda a ƙarƙashin kwano tsirara, ga sauro, ga zafi, in ana ruwa sai mun yi ihu muke jin juna. Ɗana na fari sai bayan shekara ɗaya da rabi ya zo, masu ƙirga suka rasa abin ƙirgawa.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau, an aurar da ni ban san jikina ba, kuma kunya ta sa sai a wajen baƙuwa na iya tambaya. Da ƙanwata za ta yi aure na zaunar da ita na faɗa mata komai da sunansa, tana toshe kunne ina ci gaba.

Umma kuwa har yau ba ta tambaye ni ba. Ranar da ta fara zuwa gidan dai ta ɗaga kai ta kalli kwanon, ta kalli buhun taga, ta kalle ni.

Ta ce, "Ashe dai ke ba yarinya ba ce."